Ranar da Rahma Ta Ce Ta Gaji

Ko na bar aiki ba zan manta da wata Lahadi ba, a makarantar 'yan mata da ke unguwar Safa, nan ƙasa mai tsarki, inda nake murshida, wato mai sauraron damuwar ɗalibai. Ƙa'idarmu ita ce, in yarinya na buƙatar likitan ƙwaƙwalwa, ni ke cika takarda, shugabar makaranta ta buga hatimi, amma ba inda za a je sai iyaye sun sa hannu.

Malamar aji ce ta kawo min Rahma, 'yar shekara sha huɗu, jikar Hausawan da suka zo hajji suka zauna, kamar ni. A banɗaki aka tsince ta, jiki na ɓari, numfashi na sarƙewa. Ashe wata uku 'yan ajinsu na kiranta "abda", wato baiwa, in ta tashi su goge kujera. Malamar ta sani sarai. "Ai Rahma ba ta damuwa," in ji ta, "irinku ƙarfi gare ku."

Raina ya ɓaci, amma da muka keɓe da Rahma, ni ma kwaɓar na yi. Abin da aka raine ni da shi na maimaita mata: "Ki daure, 'yata. Mu ba ma kuka a gaban mutane."

Ta dube ni ido cikin ido, da Hausarta mai tuntuɓe, ta kira ni yadda ake kiran malama a nan. "Abla, na gaji da daurewa. Ba na barci, ba na ci. Likita nake so, khalas, shi ke nan."

Kunya ta rufe ni. Yarinya ƙarama ta faɗi abin da ban taɓa iya faɗa ba.

Saura uwarta, Hajiya Hauwa, mai sayar da yadi a kasuwar Bab Makka. Na tsorata, don a wajenmu, da an ji likitan ƙwaƙwalwa sai a ce 'yar wance ta haukace. Ta zo, ta saurara. Da na gama ta ce, "Shekara talatin ana kirana da sunan nan na baiwa a kasuwa. In yi murmushi, in koma gida da ciwon kai. Ba zan bar mata wannan gadon ba. Yalla, miƙo biro." Kuma ba ta tashi ba sai da shugaba ta yarda a kira iyayen yaran da ke zagin Rahma.

Rahma ta ga likita, ta gama makaranta lafiya. Tun daga nan, duk sabuwar murshida abu ɗaya nake gaya mata: yarinyar da kowa ke cewa ba ta damuwa, ita za ki fara kira ofis.