Saniyar Ƙungiyar Ma'aikatan Lafiya

Malam Sambo ɗan makiyaya ne daga Adabka, ma'aikacin asibiti, kuma shi ne ma'ajin ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta Anka, Gummi da Bukkuyum tun kafuwarta. Allura kam ya yarda da ita, amma banki bai taɓa kwanta masa ba. Ya ce bai ga amfanin kuɗin da ba ya haihuwa ba. Karo-karon 'yan ƙungiya na shiga hannunsa, sai ya sayi karsana.

Da Hajiya Rufaida ta zama shugaba, ta ce garambawul za a yi: kowace ƙaramar hukuma ta ja reshenta, a raba asusu uku ranar taro.

Ranar taron sai ga Sambo janye da saniya, maraƙi na biye. Saniyar ta zura kai ta tagar ɗakin taron, ta lamushe takardar garambawul ɗin.

Hajiya ta dafe kai. "Malam Sambo, wannan ta yaya za ta rabu uku?"

"Ga uwa, ga ɗa, na ukku shina ciki, Hajiya," in ji Sambo. "Ku jira ta. Duk ƙungiyar ga, ita kaɗai ka biyan nata karo-karon ba a bi ta gida ba."