Ranar da Malam Ya Ce Babu Komai

Matso kusa, 'yar'uwa, ki ji abin da har yau nake juyawa a raina.

Maigidana, Malam nake ce masa, shekara tara ya yi a wani injin casar shinkafa a Mafara, kullum daga Bakura a kan mashin. Babu takarda tsakaninsa da Alhaji mai injin. A ƙofar masallaci suka yi magana, aka shafa fatiha, shi ke nan. Rannan bel ɗin injin ya kama masa hannun dama, ya tafi da yatsu uku. Da ya warke ya koma, ya tarar da wani a gurbinsa.

Shi dai aikinsa yake so, ko gadi ne a ba shi.

Maƙwabcinmu malamin makaranta ya ce akwai ofishin gwamnati mai shiga tsakanin ma'aikaci da ubangidansa, ya rubuta mana koke. Sau uku Malam yana zuwa ana cewa ya dawo. A na huɗu na bi shi, ni da ko kasuwa ba na zuwa, don na san halin kayana.

Tun a mota nake cewa, "Malam, in an tambaye ka, ka faɗi. Ban da kunyar nan taka."

"Ke dai, na jiya."

Jami'in mutumin kirki ne, har ruwa ya ba mu. Sai ga Alhaji. Ya kama dungun hannun Malam da hannu biyu, ya shiga gaisuwa: ina gajiya, ina iyali, yaya tsohuwa a Maradun, yaya yaron nan da na yanka wa ragon suna? Ina ji muryar Malam tana laushi.

Jami'in ya ce, "To Baba, ga ka ga shi. Mi ya yi maka?"

Malam ya sunkuyar da kai. "Babu komai, ranka ya daɗe. Ƙaddara ce."

"Baba, abin da ka faɗa shi zan rubuta fa."

Na buɗe baki, jami'in ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya, ba ke ce ma'aikaciyar ba."

Ya sake tambaya, Malam ya sake cewa babu komai. Aka rubuta an sasanta. Da babban yatsan da injin ya bar masa ya dangwala.

Yanzu a zaure yake wuni, yana koyon cin tuwo da cokali. Ke da kika yi boko, gaya mini: maganar da kunya ta sa mutum ya faɗa, wane ofishi ke goge ta?