Likkafanin da Hajiya ta kawo mini

Jiya ina cikin haɗa akwati a gidanmu na East Greensboro, sai ga Hajiya Rabi, ƙawar mahaifiyata, da ƙunshi a hannu. Na buɗe, na ga farin yadi. Likkafani ne, wanda ta tsoma a ruwan zamzam da ta je Hajji.

Ƙarin da aka cire mini a ƙwaƙwalwa ne ya dawo. Likita ya ce in tafi Florida a gasa shi da hasken proton, wanda yake tsayawa a kan ƙarin, ba ya wucewa ya ƙona lafiyayyen wuri.

Hajiya ta ce, "'Yata, ciwon da ya dawo ba a ja da shi. Ki koma gida Maradi ki cika a gaban danginki."

Na ce, "Hajiya, Allahn da ya saukar da cuta shi ya saukar da magani. Ki ajiye yadin a wurinki, ba mu san wa zai riga wani ba."

Ta fita ko sallama babu. Ni kuwa na ɗauko leshina na Sallah na sa a akwatin.

Na yarda da mutuwa, amma ba zan shimfiɗa mata tabarma ba. Jama'a, rashin kunya na yi?