Gwaggo da Rusau a Nansha

Kyaaat, kyaaat! Ƙarar salatif ɗin da maƙwabta ke ja ce ta rako mu da muka fito da asuba daga masaukin Gwaggo a Liwan. Sarin yadi ne ya kawo ta ƙasar nan, ni kuwa sabuwar ɗaliba ce a nan. Ta ce in raka ta Nansha, tashar jiragen ruwa, ta ga dilolinta a sito kafin a loda su a jirgin ruwa. Ni dai teku nake son gani.

Jirgin ƙasan da muka hau ba kowa a ciki. Da muka sauka iska ta tsaya cik, sama ta yi launin zoɓon da aka sirka. Ina kallon gajimare, Gwaggo tana kallon tagogi. Kowane gilashi an ja masa ƙaton kuros da salatif, an jera buhunan yashi a bakin ƙofofi.

"'Yar nan, rusau ne! Wannan alamar aka yi wa shagona a Kano."

Har tagar siton an yi mata. Mai siton ya rubuta mana a waya, ta fassara: guguwar teku na tafe, ruwa zai hauro, kowa ya koma makarantar da ke kan tudu. Na karanta wa Gwaggo.

"Haka suke cewa. Mu ma gyaran kwata aka ce mana."

Ta ɓare salatif ɗin, ta haye kan diloli ta harɗe. Mai sito ya sake liƙawa, ta sake ɓarewa. "Lawban, rusau meyo!" take ce masa da yarensu, wato maigida, babu rusau. Shi ma ya gyaɗa kai, meyo, meyo, ya liƙa wani. Ba ta sauko ba sai da aka yarda a ɗora dilolin a kan wata kanta mai tsawo, ta ɗaura wa ɗaya tsohon mayafinta.

Bas ta kwashe mu zuwa makarantar. Gadaje a jere, ruwan zafi, taliyar kwali. Mu dambun naman Gwaggo muka buɗe. Wata tsohuwa ta ɗanɗana yajin, ta yi ta tari tana miƙo hannu a ƙara mata. Da la'asar iskar ta iso tana kuka kamar ana jan ƙarfe a kan kwalta. Ban je teku ba, shi ya biyo titi ya zo.

Washegari sito na nan tsaye, ruwa iya idon sawu, diloli a bushe.

"Kin gani? Da na bar musu alamar, da yanzu fili ne."

Muka koma Liwan ta cikin karyayyun rassa. Na dawo da sanin cewa a garin nan in an ce tashi, tashi ake yi, kuma tun sama na da kyau ake ɗinka buhun yashi.

Sai da Gwaggo ta daɗe da komawa gida muka ji cewa yadinta ya riga ya bar tashar kafin mu je. Dilolin da ta yi wa gadi na wani ɗan Ghana ne, silifas ne a ciki.