Ranar da Maiwada Ya Tura Babur

Maiwada taubashina ne, don haka ina da ikon faɗin gaskiya a kansa ko da yake ya kwanta dama: kan mutumin nan ya fi dutsen niƙa tauri. Manomin rake ne a fadamar Gazara, kuma mai dafa mazarƙwaila. Tun muna samari in ya ce a'a, to ka nemi wuri ka zauna, an gama magana.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba rake ya yi albarka, sai ya tafi Zariya ya dawo mana da baƙin babur ɗan Ingila, na hannu, wanda wani malamin gona ya sayar. Bakaniken da ya duba masa shi a Sabon Gari ya ja masa kunne cewa fetur iri biyu ne a gidan mai, akwai regula akwai sufa, kuma injin nan sufa kaɗai yake sha. In an ba shi regula zai tashi, zai ma yi tafiya, amma da ya kama hawa za a ji cikinsa yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, a hankali yana cin kansa. Maiwada ya riƙe maganar nan gam. Duk ranar da ya kai mazarƙwaila Zariya sai ya cika tanki, ya kuma ɗauro galan a baya.

To ga inda gizo ke saƙar. Surukinsa Malam Ashafa, mahaifin matarsa Lantana, shi ke sayar da fetur da kananzir a garwa a kasuwar Makarfi. Regula yake kawowa, ba algus, kowa ya shaida. Masu injin niƙa da direbobin akori-kura duk wurinsa suke saye. Sai ga surukinsa na cikin gida yana wuce rumfarsa da galan ɗin Zariya! 'Yan kasuwa kuwa ba sa raina abin magana. Suka yi ta zuga dattijo wai Maiwada ya ce mansa na talakawa ne. Wallahi Maiwada bai taɓa faɗin haka ba, amma wa zai tsaya tambaya?

Ranar wata kasuwa muna tare, ina bayansa. Kamar kullum, tun daga nesa ya kashe babur ya kafe shi, ya tuɓe takalma, ya je ya durƙusa gefen rumfa, kai a sunkuye, yana jero gaisuwa. Kun san yaro ba ya ɗaga ido gaban suruki, balle ya katse shi. Malam Ashafa ya amsa a tsanake, ya miƙe da garwa da mazurari, ya buɗe tankin da hannunsa ya tuttula har baki. Ya ce kyauta ce, fetur ai fetur ne, Allah ya sa albarka. Ina kallon wuyan Maiwada, jijiyoyi sun miƙe, amma bakinsa godiya yake yi. Ni kam har na fara murmushi, na ce yau an kama mai taurin kai.

Ashe da saura. Ya tashi ya sa takalma, ya kama ƙahon babur, ya fara turawa. Ta tsakiyar kasuwa, gaban mahauta, gaban 'yan koli, ga tanki cike yana ƙyalli. Na bi shi ina zaginsa ƙasa-ƙasa, na ce kai wane irin mutum ne, taka sau ɗaya mu bar nan, in mun yi nisa ka zubar. Ya ce kyautar suruki ba a zubarwa, shi kuma ba zai ɗura wa injin abin da zai kashe shi ba. Haka muka isa Gazara a ƙasa, cikin rana, gumi har cikin ido. Ban yafe masa tafiyar nan ba har yau.

Washegari aka aiko Lantana ta je gida, babanta na nemanta. Ta tafi da goyo, ba ta dawo ba. Saƙon da ya biyo baya gajere ne: ranar da Maiwada ya zo biko a kan babur, injin na aiki da man nan, ranar zai koma da matarsa. Gidan ya yi tsit, murhu ya huce. Dattawa suka yi ta zarya, liman ya sa baki, ni ma na ce masa ƙarfe ne fa, ba uwa ba uba. Ya rame, don yana son Lantana, wannan ba a ɓoye yake ba. Sai ya zauna gaban babur yana goge shi da tsumma.

Da abin ya ishe shi ya ce in raka shi Makarfi. Na yi hamdala, na zaci ya sauko. Ina! Turawa muka sake yi. A ƙofar gidan Malam Ashafa ya kafe babur, ya tuɓe takalma, ya durƙusa gaban jama'a.

"Baba, ga babur, ga manka a ciki, ko ɗigo bai ragu ba. Na ba ka shi halak malak. A taimaka a ba ni iyalina."

Dole dattijo ya karɓa. Kyautar suruki dai ba a mayarwa, shi ne kuwa ya fara yin kyautar. Kafin la'asar Lantana ta fito da ƙunshin kayanta, ta dubi mijinta ta ce dama ta san a ƙasa za ta koma, shi ya sa ba ta saka takalmin fita ba.

Babur ya koma hannun Lawal, wan Lantana, yana sha daga garwar ubansa. Duk ranar da ya bi ta hawan bayan fadamarmu muna jin tsakuwar nan tana kaɗawa, kuma in Maiwada na cin tuwo sai ya tsame hannu har ƙarar ta ɓace. Damina biyu babur ɗin ya yi, ya mutu a zauren Ashafa, kaji suka mai da shi wurin kwana.

Maiwada bai sake sayen babur ba. Da jakuna ya ci gaba da kai mazarƙwaila bakin titi har ƙarfinsa ya ƙare. Lantana ta haifa masa 'ya'ya, ta kuma rufe masa ido. Ina tsokanarsa har tsufa, in ce ga wanda ya yi kyautar babur saboda galan guda. Ba ya dariya. Sai ya ce, "Tanko, a hannuna dai bai taɓa yin kukan nan ba."