Gwaggo Yahanasu da Babur Mai Ƙafa Huɗu

Wata rana ina zaune a gindin kaskon wainata a layin makanikai, sai ga wani babur mai ƙafa huɗu ya karyo kwana, yana tafe yana ƙarar ƙarafa kamar amalanke.

Mace ce a kansa. Babbar mace, ba a shekaru kaɗai ba. Allah ya yi mata jiki, ya kuma yi mata kwarjini.

Duk ramin da taya ta faɗa, sai ta runtse ido ta cije leɓe.

Sunanta Gwaggo Yahanasu. Rabin labarin nan a gabana aka yi shi, rabi kuma daga bakinta na ji daga baya.

Mijinta, Malam Tanimu, manomin shinkafa ne a fadama. Siriri ne kamar sillen kara. Ya sayi babur ɗin na hannu, saboda hanyar fadamarsu ba ta ɗaukar mota, daga laka sai rami sai kunyoyin gona.

Ya dasa shinkafa. Bai ga fitar kanta ba.

Da ta shiga takaba, duk wanda ya zo gaisuwa magana ɗaya yake yi mata: "Ki daure. Ke ce babba, ke yara ke kallo."

Ta daure. Ba wanda ya ga hawayenta. Aka yi ta yabonta, wai mace mai zuciyar ƙarfe.

Ƙanin mijinta, Sabi'u, shi ya riƙe gonar har ta fita takaba. Sannan ya zo ya zauna a bakin tabarma.

"Matar Yaya, mu faɗa wa juna gaskiya. Gwiwoyin nan naki ba za su kai ki fadama ba. 'Yan acaɓa kuwa da sun hango ki sai su tuna ba su sha mai ba. Ni ma ga tawa gonar tana jirana. In an yi girbi a sayar da gonar, a raba wa yara haƙƙinsu. Na samu mai saye, har da babur ɗin zai haɗa."

Sabi'u ba mugu ba ne. Gaskiya ya faɗa, irin mai ɗacin nan.

Amma gonar nan ita da Malam suka sare ta tun tana daji. Ta san in ta tafi, ta tafi ke nan.

Ta ce, "In na kai kaina fa?"

Ya yi dariya. "In kika kai kanki ranar yanka, ko a ƙafa ko a taya, na janye maganata a gaban dattawa."

Tuƙin bai ba ta wuya ba. Da babban yatsa ake danna shi ya tafi, kuma ba ya faɗuwa kamar mai ƙafa biyu. A filin bayan gida ta koya.

Matsalar zama ce.

Da ta zauna sai babur ɗin ya durƙusa. Robar sama ta kwanta a kan taya tana gurzarta, cikinsa yana shafar ƙasa. Sifirin ɗinsa, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗaukar nauyin mai hawa, daidai Malam aka saita shi. Bai san da zuwan Gwaggo ba.

Ta aika da shi wajen Lurwanu bakanike, nan kusa da rumfata. Ya aika mata cewa sifirin na masu jiki sai an yi odarsa daga nesa, kuma kuɗinsa kuɗin bijimi ne.

Ita kuwa abin da ke hannunta bai wuce kuɗin akuyar da ta sayar ba.

To, a nan Lurwanu ya yi kuskure. Ba rashin iya aiki ya jawo ba, kunya ce.

Aikin sifirin sai mai hawa yana kai ake gane shi. Amma wane ɗa ne zai dubi sa'ar mahaifiyarsa, wadda ta fito takaba jiya jiya, ya ce, "Zo ki hau mu ga nauyinki"?

Sai ya yi abin da ake yi wa amalanke. Ya cire sifirin gaba da baya, ya yanko sandunan ƙarfe masu kauri, ya buga musu walda a gurbinsu.

Ya ce, "Yanzu ko giwa ce ta hau ba zai sauka ba."

Bai sauka ba kam.

Sai dai duk dutsen da taya ta taka, a ƙugun Gwaggo yake sauka. Da ta gwada hanyar fadama, taya ɗaya ta hau kunya, ɗayar ta rataye a sama, saura ƙiris ya kife da ita. Wajen waldar ya tsage. Ta koma gida tana gasa baya da ruwan zafi.

Ga shinkafa ta nuna. Ga ranar yanka ta ƙarato.

Shi ne ta zo da kanta.

Tana tsayawa, Ɗan'azumi mai faci, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya ɗaga murya: "Lurwanu, fito ka yi jagora, tirela ta shigo gareji!"

Ta sauko a hankali, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan nan, tirela ce ke kawo abincin da kake ci. Matso min da bencin nan."

Layi ya kwashe da dariya. Ɗan'azumi ya kawo benci da hannu biyu, har da share shi da hularsa.

Lurwanu ya durƙusa ya gaishe ta, kansa a ƙasa.

"Gwaggo, wallahi ƙarfe mai kyau na sa miki. Ko kaɗan ba ya lanƙwasa."

"Ai shi ne laifinsa. Ka taɓa ɗauko tulu daga rafi?"

"A'a, Gwaggo."

"Innarka ta ɗauka, ka tambaye ta. Ba a ɗora tulu a ka sai da gammo. Mai ɗauka kuma ba ta sandare wuya, tana tafe tana ba shi hanya. Wadda ta sandare, ko tulu ya fashe ko wuya ya karye. Cire min sandunan nan, ka nemo min gammo."

Ya sosa ƙeya. "Gwaggo, gammon ne da tsada."

Daidai nan wata a-daidaita-sahu ta wuce, cike da 'yan kasuwa, ga buhuna a baya. Ta faɗa rami, ta yi ƙasa, ta taso ta ci gaba.

Gwaggo ta nuna ta da haɓa. "Me ke ƙarƙashin waccan?"

"Sifirin ne."

"Na fi su nauyi, su da buhunansu?"

Ɗan'azumi ya buɗe baki, ta kalle shi, ya rufe.

"In irin waccan ta mutu, ina ake kai gawarta?"

Lurwanu ya miƙe tsaye. "Wajen 'yan gwangwan!"

Kafin azahar ya dawo da sifirin masu kauri, sun yi tsatsa amma lafiyarsu ƙalau. Ya yanke sandunansa, ya gyara inda ya tsage. Allah ya so bai zubar da tsofaffin bututun da sifirin ke zama a kansu ba. Ya sake musu mai, ya zura musu ƙarafan da ya samo. Kuɗin akuya ya isa, har da na waina.

Sai aka zo wajen gwaji, kunyar ta dawo.

Ya je ya kinkimo buhunan yashi yana ɗorawa a kan kujerar babur, wai su tsaya a madadinta. Ɗan'azumi yana raɗa masa, raɗar da duk layi ke ji: "Biyu za a sa ko uku?"

Gwaggo ta miƙe.

"Ku sauke. Buhu ba shi da ƙugu, ba zai gaya muku inda ya ji zafi ba. Mai abin tana nan."

Ta gyara mayafinta, ta yi bisimilla, ta hau a gaban maza duka, kai a sama. Ba wanda ya yi dariya.

Akwai wani zobe a gindin sifirin da ake murɗawa, ya matse ko ya saki. Lurwanu ya kwanta a ƙasa da sifana a hannu.

"Ƙara, ɗan nan."

Ya ƙara.

"Ka yi yawa, ya koma sanda. Sassauta."

Ta tashi, ta zauna. Ta sake tashi, ta sake zama. Har aka kai inda in ta zauna babur ɗin zai yi ƙasa kaɗan, kamar mai gaisuwa, sannan ya tsaya ya riƙe ta.

Ta danna yatsa, ta nufi babban ramin bakin gareji, wanda kowa ke kauce masa.

Ya shiga. Ya fito.

Ta juyo tana murmushi. Ni dai ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba.

Ranar yanka, masu lauje sun taru da sassafe. Sabi'u yana tsaye da mai sayen gona, suna nuna iyaka da hannu. Sai suka ji ƙarar inji daga cikin fadama.

Ga ta nan tafe, tana tsallake kunya bayan kunya, mayafi yana kaɗawa.

Ta tsaya a bakin rumfar gona. A jikin dirkar rumfar, malafar Malam na rataye inda ya bar ta. Ba wanda ya iya taɓa ta.

Ta ɗauko ta. Ta zauna a ƙasa.

Kukan da ba ta yi a ɗaki ba, nan ta yi shi, da murya, a gaban kowa.

Wata mata ta matso tana cewa, "Haba Gwaggo, ki daure mana."

Sabi'u ya tare ta. "Ku bar ta." Shi ma idonsa ya kaɗa.

Da ta gama, ta share fuska da bakin mayafi, ta ɗora malafar a kanta, ta miƙe.

"Sabi'u, sallami baƙonka. Ku kuma ku faro daga gabas, can ta fi nuna."

Sabi'u ya juya wajen mutumin. "Alhaji, sai haƙuri. Gona ta ga mai ita."

Bayan an yi sussuka ta zo layinmu, ta dire min kwanon sabuwar shinkafa, wai in gwada ta a waina. Muna hira na gaya mata ni ma mai gidana ya rasu bara, kuma kowa na yaba min yadda na daure.

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Ke kuma wa ya buga miki walda?"

Wainar da ke kasko ranar ƙonewa ta yi.

Darasi: Ba abin da ya sandare ne ke ɗaukar kaya ba. Mai ɗaukar nauyi sai ya yi ƙasa kaɗan kafin ya taso. In ka ga wanda rayuwa ta ɗora wa tulu, kada ka ce masa ya zama ƙarfe, nemo masa gammo. Kuma kada kunya ta sa ka yi wa mutum gyara a bayan idonsa. Tambaye shi inda ke masa zafi, shi ya san ƙugunsa.

Allah ya jiƙan Malam Tanimu da namu da suka riga mu.

In ka san wata da ake ta ce wa ta daure, tura mata wannan. Wataƙila yau ta samu ta sauke.