Ƙusa a Gayaunar Inna

Mu Maguzawa ne, matanmu suna noma. Gayaunar Inna, mahaifiyata, tana jingine da jujin gari a gefen Funtua, ta hanyar Maska. Nan masu shara ke zubar da toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. A wurinmu taki ne. Da rani ni da ita mukan tsince shi, mu kwasa a kwando mu baza a gona.

Bayan an samu mulkin kai sai aka shiga rushe tsofaffin rumfuna ana gina kantunan siminti. Wani ɗan kwangila ya fara turo tifa. Ramin da aka ware wa ɓaraguzai yana can cikin jujin, amma direbansa ba ya son wahala, sai ya juye a baki, rabi a kan kunyoyinmu: fasasshen bulo, yankakken kwano, katako da ƙusoshi a jiki.

Inna ta tare motar, fartanya a kafaɗa.

"Malam, nan fa gona ce. Ba ka ga dawa ba?"

Ko saukowa bai yi ba. "Iya, juji ai juji ne. Je ki gaya wa maigidana."

Ta je. Ɗan kwangilar ya shanya ta a rana, sannan ya aiko yaronsa ya ce mata mutanen daji ba su san inda gari ya tsaya ba.

A daminar nan, tana noman farko, ƙusa mai tsatsa ta huda mata tafin ƙafa har ta ɓullo ta sama. Ƙafar ta kumbura, ta fara wari. Da ƙyar muka sa ta a mota zuwa asibitin Malumfashi. Ta rayu, amma an yanke mata rabin ƙafa, ba ta sake riƙe fartanya ba.

Ran da muka dawo gida, na ajiye jaririn da nake goyo, na cika kwando da ɓaraguzan nan, na je ƙofar gidan ɗan kwangilar da rana tsaka na juye a gaban baƙinsa. Na ce, "Alhaji, ga kayanka!"

Dariya ya yi. Ya sa aka share, aka loda a tifa, aka sake kai mana.

Bai taɓa zuwa duba Inna ba. Har yau in na wuce kantunan nan, tofar da yawu nake yi.